Yadda Na Bar Gada a Tsaye

Litinin, 3 ga Fabrairu, ƙarfe bakwai na safe

Sanyi ya hana mota tashi, sai da Duane ya kawo tarakta ya ja ta. Yana ja yana cewa, "Shugaba guda, amma motarta sai an ja ta kamar saniya mai gardama." Tun da muka yi aure bai taɓa kirana shugaba ba sai in zai yi min tsiya.

Yau zan gaya wa ma'aikata. Maganar tallafin gwamnatin tarayya ba sabuwa ba ce, tun bara muka san zai ƙare a watan Yuni. Sabuwar ita ce ta ranar Juma'a. Craig Dunmore, shugaban babban asibitin birni, ya bugo waya ya ce ba za su biya kasonsu ba. Wai suna da nasu tsarin, ba su ga abin da Gada ke ƙara musu ba. In suka fita, kamfanonin inshora za su bi bayansu. Ƙananan asibitocin karkara kuwa ba za su iya ɗaukar nauyin su kaɗai ba.

Bari in rubuta wannan don in tuna wa kaina. Ni Marlys Engen, nas daga ƙauye, ni na fara Gada a wani ɗan ɗaki bayan kantin magani, da kwamfuta biyu na aro. A da, in aka kawo mana mutum a sume daga gona, aljihunsa muke lalubewa ko za mu dace da kwalbar magani. Yau duk asibitin da aka kai ka a jihar nan, likita zai buɗe ya ga magungunan da kake sha, da waɗanda jikinka ba ya karɓa, da hoton ƙashin da aka ɗauke ka a wani gari. Ita ce Gada. Ba tafi nake nema ba. Amma ba za a rushe ta ina tsaye ina kallo ba.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Na gaya musu. Babu wanda ya yi kuka. Renata Kowalke, mataimakiyata, wadda duk na'urorin ke hannunta, ta ce, "To sai me? Su na'urorin ba su ji labari ba, suna can suna aikinsu." Aka yi dariya, kowa ya koma kujerarsa. Mutanena ke nan.

Alhamis, 6 ga Fabrairu, ƙarfe ɗaya na rana

Na yi baƙo daga wani kamfani na can bakin teku. Dunmore ne ya turo shi. Ya shigo da ɗan siririn takalmi ya jiƙe sharkaf da dusar ƙanƙara, sai da na ba shi tawul.

Tayinsa mai daɗin ji ne. Za su riƙe Gada shekara goma, ba za mu biya ko sisi ba, ba za a kori kowa ba. Su kuma abin da suke so shi ne bayanan marasa lafiya, su sayar wa masu yin magani da masu talla. Ya ce za a goge sunaye tas.

Na ce masa, "A gundumarmu mace ɗaya ce ta haura shekara casa'in kuma aka yanke mata ƙafa. Ka goge sunanta, ka goge lambar gidanta, har karen maƙwabta ya san gwaggona Thelma ce."

Ya yi murmushi ya ce, "Madam, wasu wuraren sun riga sun karɓa."

Na ce, "Allah ya ba su sa'a."

Bai sani ba. Lokacin da muka fara, coci-coci na bi, da ɗakunan taron manoma. Na ci dafaffen dankali da nama a gidajen da ba zan iya tunawa ba, ina kallon tsofaffi ido cikin ido ina ce musu babu mai sayar da ciwonsu. Da bakina na faɗa.

Laraba, 12 ga Fabrairu, da safe

Gobe taron hukumar gudanarwa. Na goge riga mai ruwan toka. Renata ta ce in sha shayi kafin in shiga, kada in sha kofi, don yana sa bakina zafi.

Alhamis, 13 ga Fabrairu, ƙarfe shida na yamma

Kofi na sha.

Dunmore ya kawo maganar kamfanin a gaban kowa, har yana kiranta ceto. Na ga wasu suna gyaɗa kai. Na miƙe. Na faɗi abin da na faɗa.

Ba zan rubuta shi a nan ba. Ba kunya ce ta hana ni ba. Ban yi nadama ba.

Juma'a, 14 ga Fabrairu, da rana

Ashe wani ya ɗauki bidiyona da waya, ya kuma watsa.

Asabar, 15 ga Fabrairu, ƙarfe huɗu na yamma

Duane ya dawo daga kasuwar shanu yana wani tafiya kamar shi ya ci zaɓe. Bai ko cire takalmi ba ya tsaya a ƙofar kicin.

"Tsohuwa, da gaske har da maganar surukin Dunmore da ke cikin kamfanin nan kika haɗa?"

"Ai gaskiya ce."

"A gaban limamin coci da ke cikin hukumar?"

"Shi ma yana da kunne."

Ya ce yau bai biya kuɗin kofi ba, mutum uku suka yi rigimar biya masa. Wani ma ya kunna abin sau biyu a bakin shinge, har mai gwanjo ya dakata. Na ce ya cire takalmi. Da ya juya baya na yi dariya.

Ban yi nadama ba. Amma tun jiya babu ɗan hukumar da ya ɗaga wayata.

Talata, 18 ga Fabrairu, ƙarfe biyu na rana

Na haɗu da Lowell Brekke a gidan abincin da ke kallon majalisa. Yanzu sanata ne, shi ke shugabantar kwamitin kasafi, amma ni na san shi tun yana zuwa makaranta da majina a hanci. Benci ɗaya muka zauna a firamare.

Ya ce, "Marlys, tun muna aji uku bakin nan naki ke ja mana duka."

Ƙudirin da muka daɗe muna shiryawa yana hannunsa. Kowane kamfanin inshora ya riƙa biyan ɗan abu kaɗan a kan kowane mutum da ya yi wa rajista, asibitoci su biya gwargwadon girmansu, jiha ta cika. A rubuta shi a doka, a daina yawon roƙo duk zaman majalisa. Ya ce makon jiya yana da ƙuri'un da yake buƙata a kwamiti. Yanzu biyu sun fara kallon ƙasa in ya yi musu magana, don rabin mazaɓarsu a asibitin Dunmore suke cin abinci.

"Ki je ki ba shi haƙuri."

"Ƙarya na yi?"

"Ban ce kin yi ƙarya ba. Cewa na yi ki ba shi haƙuri."

Na ce ya ci abincinsa kada ya huce. Ya girgiza kai, ya jawo farantina ya cinye sauran kek ɗin tuffa da na bari.

Juma'a, 21 ga Fabrairu, ƙarfe takwas na safe, a masauki

Kwana na uku a hanya. Ina bin ƙananan asibitoci ɗaya bayan ɗaya ina roƙon su zo majalisa ranar sauraron jama'a. Iska tana kwaso dusar ƙanƙara tana rufe titi, jiya a bayan motar share hanya na yi ta rarrafe. Wani asibitin gado goma sha biyu gare shi, shugabar tasu ita ce kuma nas ɗin ɗakin gaggawa. Ta tare ni da safar hannu ta ce, "Za mu zo, ko da a kan doki ne." Ba ta yi min maganar bidiyon ba. Sai da zan shiga mota ta ɗan matse min kafaɗa.

Litinin, 24 ga Fabrairu, da yamma

Yau na isa arewa, asibitin 'yan asalin ƙasa, waɗanda turawa suka tarar a nan. Likita Ramona ce ke riƙe da shi. Ita ce ta ƙarshe da ta yarda ta shiga Gada, sai da na yi shekara uku ina zarya. Ban taɓa ganin laifinta ba. Ta gaya min tun farko cewa an taɓa ɗibar jinin kakanninta a yi bincike ba tare da an tambaye su ba.

Ta ajiye min soyayyen burodi da miyar masara, ta zauna tana kallona har na ci rabi.

"Yaya Marlys, da kin karɓi tayin mutumin nan, da ni da hannuna zan tsinke wayar, in naɗe ta in aiko miki a kwali."

"Na sani."

"Na san kin sani. Shi ya sa na yi miki miya."

Za ta zo majalisa, har da dattawa biyu.

Alhamis, 27 ga Fabrairu, da safe

Ɗaya daga cikin ma'aikatan Renata ya samu aiki a wani banki, zai bar mu. Ya zo yana ta inda-inda. Na rubuta masa takardar shaida mai kyau, matarsa na da ciki.

Laraba, 5 ga Maris, ƙarfe bakwai na yamma

Ɗakin kwamiti ya cika har bakin ƙofa, riguna masu kauri jibge a kan kujeru, ƙasa duk ruwan takalma. Na ga fuskokin da na bi gari-gari na roƙa. Sun zo. Wasu tun asuba suka kamo hanya.

Likita Ramona ta yi magana a tsanake, ko takarda ba ta riƙe ba. Amma wanda ya fi ɗaukar hankalin kowa wani tsohon makiyayi ne, Orval Stroh. Ban gayyace shi ba, ban ma san shi ba. Ya tsaya da hularsa a hannu ya ce, "Ranka ya daɗe shugaban kwamiti, ni ban taɓa son gwamnati ba, kuma in gaskiya kake so kai ma ban zaɓe ka ba." Ɗaki ya ɗauki dariya. Ya ce bara bijimi ya matse shi a jikin ƙarfe, aka ɗauke shi a jirgi a sume zuwa garin da babu wanda ya san shi. Likitan can ta buɗe kwamfuta ta ga yana shan maganin tsinka jini, sai ta sauya shiri kafin ta sa wuƙa. Ya ce, "Ban san sunan abin ba sai makon jiya. In haraji ne, wannan dai ku cira." Ya mayar da hularsa ya fita abinsa, wai akwai shanu na jiransa.

Dunmore ma ya yi magana, kuma zan ba shi haƙƙinsa, ya iya. Ya ce nas-nas na guje masa, ya rufe ɓangare guda a bara, duk dalar da ya ba Gada daga bakin wani gadon ya cire ta. Ba duka ne ƙarya ba. Bai kalli inda nake ba ko sau ɗaya.

Ni ma na yi tawa. Ban ɗaga murya ba.

Kwamiti ya ɗage ƙuri'a.

Juma'a, 7 ga Maris, ƙarfe uku na rana

Lowell ya bugo. Ya ce hanya ɗaya ta rage. Ya faɗe ta. Na ce zan yi tunani.

Asabar, 8 ga Maris, da yamma

Ban yi tunani ba. Na wanke labulen gidan nan kaf.

Lahadi, 9 ga Maris, bayan coci

Ban ji ko kalma ɗaya daga wa'azin ba. Ni na fara ta. Ni.

Talata, 11 ga Maris, ƙarfe tara na safe

Ban je ofis da wuri ba. Wata karsana ta kasa haihuwa, ɗan ya taho da ƙafa ɗaya a lanƙwashe. Hannun Duane ya yi girma, ni na naɗe hannun riga na zura hannu na gyara ƙafar, muka ja tare. Maraƙin ya faɗo, ya yi shiru har gabana ya faɗi, sannan ya yi atishawa.

Muna zaune a kan ciyawa muna haki na gaya masa abin da Lowell ya faɗa. Dunmore zai janye adawarsa, zai ma biya kason asibitinsa, sanatocin nan biyu za su dawo. Sharaɗinsa a naɗa sabuwar hukuma, da sabon shugaba. Ba zai zauna teburi ɗaya da ni ba.

Duane ya daɗe yana goge hannu da tsumma.

"Ke me kike so?"

"In shaƙe shi."

"Bayan kin shaƙe shi fa?"

"Gada ta rayu."

"To ai kin gama tunanin, tsohuwa. Haushi ne kawai bai sake ki ba."

Na jefe shi da safar hannu. Ban yi kuka a gabansa ba, sai da na shiga wanka.

Alhamis, 13 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Na ce wa Lowell in kaina suke so, ba kyauta zan bayar ba, kuma a gaban mai son zan faɗi farashi. Ya haɗa mu a ofishinsa, ya zauna a tsakiya kamar mai raba faɗan yara.

"Misis Engen."

"Mista Dunmore."

Na ce zan tafi ƙarshen wata. Amma a rubuta cikin dokar, ɓaro-ɓaro, cewa ba za a taɓa sayar da bayanan kowa ba, da suna ko babu suna. A sabuwar hukumar kuma ƙananan asibitoci su samu kujeru, asibitin Likita Ramona ya samu tasa, marasa lafiya ma su samu wakili. In babu waɗannan, ina nan daram, mu nutse tare.

Dunmore ya juya alƙalaminsa. Can ya ce, "Za ki janye abin da kika faɗa a kan surukina?"

"A'a."

Lowell ya rufe ido kamar mai ciwon haƙori.

Dunmore ya ce, "Kin san ba Gada na ƙi ba."

"Na sani. Ni ka ƙi."

"Ke ma ba ki sauƙaƙa wa mutum."

"Ba a ɗauke ni aiki don in sauƙaƙa maka ba."

Na rantse sai da gefen bakinsa ya motsa. Ya ce ya yarda. Bai miƙo hannu ba, ni ma ban miƙa ba. A bakin ƙofa Lowell ya ce min a hankali, "Yarinyar nan, da ke ce a majalisa da tuni na yi ritaya."

Juma'a, 14 ga Maris, da rana

Renata ta shigo ofishina ta rufe ƙofa da ƙarfi har hoton bango ya karkace.

"Mu duka za mu ajiye aikin. Na yi magana da kowa."

"Duk wanda ya ajiye, har gida zan bi shi in jawo kunnensa."

"Wannan zalunci ne, Marlys!"

"Zalunci ne. Zauna."

Na ce mata ta nemi kujerar. Ta ce ita ba ta iya magana da 'yan siyasa ba. Na ce ni da na iya, ga inda ya kai ni. Ta yi dariya tana share hawaye da bayan hannu. Ta fi ni sanin cikin Gada nesa ba kusa ba, kuma tana iya ƙirga goma kafin ta buɗe baki.

Laraba, 19 ga Maris, da yamma

Kwamiti ya amince. Sanatocin nan biyu sun gaishe ni a matakala kamar ba su ne ke canza hanya in sun hango ni ba.

Laraba, 26 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Dokar ta wuce a zauren majalisa, da rata mai kyau. Ina sama a wurin zaman baƙi, tsakanin Likita Ramona da Duane, wanda ya sa rigar coci ba tare da na ce masa ba. Da magatakarda ya karanto sashen hana sayarwa, Ramona ta kama hannuna ta riƙe gam. Babu wanda ya ambaci sunana a zauren. Na saurara da kyau, ba zan ɓoye ba. Amma kalmomin da aka karanta nawa ne, a teburin kicin ɗina na rubuta su, kuma yanzu doka ce.

Litinin, 31 ga Maris, da yamma

Kek, furanni, jawabai. Na miƙa katin shiga da makulli. An ba Renata riƙon ƙwarya, Lowell ya ce za a tabbatar da ita. Kayana duka kwali ɗaya ya ɗauke.

Alhamis, 3 ga Afrilu, da safe

Na tashi na yi shiri tsaf, har na ɗauki jaka. Duane ya dube ni ya ce, "Ina zuwa, ranki ya daɗe?" Ya miƙo min bokiti.

Alhamis, 10 ga Afrilu, ƙarfe huɗu na yamma

Da hannun hagu nake rubutu, ga shi nan kamar tafiyar kaza.

Wata saniya ta matse min hannu a ƙofar shinge da safe. Asibitin garinmu mai ɗaukar hoto ba ya nan, sai Duane ya kai ni na gundumar maƙwabta. Nas ɗin da ta karɓe ni baƙuwa ce, daga kudu aka kawo ta, ba ta san ni ba. Ta tambayi suna da ranar haihuwa, ta juya ga kwamfuta, ta fara buga yatsa a teburi.

"Kai, wannan Gada! Kullum da safe sai ta yi ta jan ƙafa. Ban san wa ya ƙirƙiro ta ba, amma da ya zo ya zauna a kujerar nan yini ɗaya."

Duane ya buɗe baki. Na taka masa ƙafa.

Sai ga shafina ya buɗe a kwamfutar. Ta karanto maganin hawan jinina, ta ga wanda ke sa min ƙuraje, ta ce to ba za a ba ni shi ba. Ta ci gaba da mita tana ɗaure min hannu, wai ta kai ƙara sau biyu, wai in ba a gyara ba kafin baɗi har majalisa za ta rubuta.

Kafin baɗi, ta ce. Ko a jikinta. Yadda mutum ke mitar ramin titi ko ruwan famfo, abin da ya san yana nan, kuma gobe ma yana nan. Shekarun nan duka godiya nake ji daga mutanen da ke tsoron abin zai ɓace. Yau na ji an zage shi hankali kwance.

A mota Duane ya ce, "Mace ta zage ki kina ta washe baki. Ko maganin ne ya bugar da ke?"

Na ce ya tsaya a gidan abincin bakin hanya, yau ni zan saya.